Bushiya da Kazar da Ba Ta San Kwanci Ba

An yi wata Bushiya da ta tare a sabon gida farkon damina. Ta ga bayan ɗakinta fili ne fetal, sai ta kafa akurki, ta ce kaji za ta kiwata. Ba ta taɓa kiwon ko fara ba. Halinta guda ne: in ta ga abu ɗaya, goma take hangowa.

Goggonta, wata tsohuwar bushiya da ke ƙarshen unguwa, ta kawo mata kaza guda ta fara da ita. Kazar Hausa ce, gajeriya, ƙafafu kamar an datse. Durgu ake ce mata, kuma ba ta iya tauna magana ba.

"Ga iri, 'yar nan," in ji Goggo. "Da irinta kowa ya fara."

Bushiya ta yi godiya a baki. Da Goggo ta juya, ta dubi kazar sama da ƙasa. Ba ta daɗe tana duba ba, don babu nisa tsakanin saman da ƙasan.

Durgu ta soma ƙwai 'yan ƙanana, yau ta yi, gobe ta huta. Da suka ɗan taru sai ta daina ɗungurungum, ta shige lungun akurki ta baje a kansu.

"Ke, lafiya?" in ji Bushiya.

"Kwanci nake."

"Da rana tsaka? Ina ƙwan yau?"

"Babu. Na gobe ma babu. Matsa, kin tare mini iska."

Bushiya ta kai hannu za ta ɗaga ta. Durgu ta tayar da gashi, ta cake ta a hanci.

Ranar kasuwa Bushiya ta shiga layin masu kaji da kumburarren hanci. Ta ga fararen kajin gidan gona, ƙiba ta hana su tsayuwa, aka ce na nama ne. Ta ga zabi suna ta kwakwazo, aka ce tashi suke yi su tsallake danga. Can sai ta hango wata jar kaza doguwa, gashinta na sheƙi, tana ɗaga kai kamar amaryar mai kuɗi.

"Ke fa, me kika iya?"

"Ƙwai," in ji Ja. "Kullum. Ba ni da Juma'a, ba ni da Sallah."

Mai kaji ya ce, "Hajiya, tsaya tukuna. Ƙwai kike so ko 'yan tsaki?"

"Ji wata tambaya! Daga ina ɗan tsako yake fitowa in ba daga ƙwai ba?"

Ya buɗe baki zai yi bayani, ta ce ba wa'azi ta zo ji ba. Ta ba da geron da ta ajiye ya kai ta kaka, ta karɓi Ja da zakara guda.

Tana isa gida ta finciko Durgu daga kan ƙwai, ta soye ƙwan, ta kai ta gidan Goggo.

"Goggo, ga malalaciyarki. Na samo ta zamani. Kafin a yanke gero, 'yan tsakina sai sun cika unguwar nan, har ke zan ba iri."

"Allah ya nuna mana," in ji Goggo.

Ja ba ta yi ƙarya ba. Kowace safiya sai ta sauke ƙwai ƙato, ta cika gida da kuka don kowa ya shaida. Sai dai ba ta tono.

"Ni in bi juji ina neman tsutsa? A kwano aka saba ba ni."

Bushiya ta riƙa kankare ƙasan rumbu tana zuba mata. Ita kanta ta rage cin abinci. Ƙwai kuwa ko ɗaya ba ta taɓa ba, ba ta ci, ba ta sayar ba. A kwando take jerawa, don kowane ƙwai a idonta kaza ce mai 'ya'ya da jikoki.

Da kwando ya cika, ta shimfiɗa ciyawa, ta ajiye shi gaban Ja.

"To, sun isa. Bisimilla."

"Bisimillar me?"

"Kwanci mana."

Ja ta karkata kai. "Mene ne kwanci?"

Bushiya ta yi dariya. Da ta ga kazar ba wasa take ba, sai ta daina dariyar.

"Ki hau kan ƙwanki, ki ɗumama su har su ƙyanƙyashe! Yadda uwarki ta yi miki!"

"Uwata?" in ji Ja. "Akwati ne mai fitila a ciki. Mu da yawa muka fito rana guda, ba wanda ya hau kan wani. Kaf danginmu ban taɓa jin wadda ta zauna a kan ƙwai ba. Ƙazanta ma!"

"Inna lillahi! Kaza ce ke kuwa?"

"Ƙwai kika tambaye ni, ƙwai na ba ki. Ina abincina?"

Bushiya ta zauna daɓas a ƙasa. Ta dubi kwando, ta dubi rumbu.

Don kunya, ba ta iya shiga gidan Goggo ta ƙofa ba. Ta kewaya ta baya, ta ratsa danga, ta sami Durgu a ƙarƙashin rumbu, ta baje fukafukai.

"Durgu, 'yar albarka," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Wa nake ji haka? Malalaciya kike nema?"

"Ki yi wa Allah ki zo ki kwanta mini. Kwando guda ne kawai."

"Ƙwan zabi Goggo ta sa mini, sun fi na kaza daɗewa. In sun fito, sai reno. Mai kwanci sau ɗaya ake ɗaga ta, kin kuwa riga kin yi naki." Ta lumshe ido. "Waɗancan na kwandon, je ki soye su tun ba su yi dungu ba."

Soyawa! Bushiya ta ji kamar an ce ta yanka garke guda. A hanya ta yi ta tunani. Kwanci dai ai zama ne, zama kuwa ba sai da fukafuki ba. Bayanta ne ƙaya, cikinta laushi gare shi kamar auduga.

Ta ja kwando cikin akurki, ta hau a hankali, ta kife a kan ƙwai.

Rana ta fito ta faɗi, ta sake fitowa. Ƙafafunta suka sage, yunwa ta murɗe ta. Wani wari ya fara tasowa daga ƙasan kwando, ta ce wa ranta warin haihuwa ne. Ja takan leƙo, ta ajiye sabon ƙwai a gefenta, ta ce, "Ga ƙari, uwar 'ya'ya."

Wata safiya gyangyaɗi ya ɗauke ta. Sai ta ji murya dab da ƙofar akurki.

"Salamu alaikum! 'Yar nan, na ji ki shiru, na ce bari in leƙo."

Goggo ce. Bushiya kuwa in ta firgita, jikinta ba ya neman shawararta. Kafin ta san abin da ake ciki ta dunƙule, ta mirgina cikin kwando da ƙayoyinta a miƙe.

Tas! Tas! Fus!

Wari ya turnuƙe gida, har zakara ya haye danga. Goggo ta tsaya da hannu a baki. Bushiya ta warware a hankali, ɓawo a kan kowace ƙaya, dungu na tsiyaya daga goshinta.

Ja ta tako a natse. Ta zaɓi sabon ƙwan da ya fashe a gefe, ta sa baki ta fara sha.

"Ke!" Bushiya ta ƙwalla ƙara. "Ɗanki ne fa!"

Ja ta goge baki a ƙasa. "Na gobe yana tafe," ta ce, ta koma ta ci gaba da sha.

Darasin wannan labari shi ne, kafin ka zaɓi abin kiwo, ka san abin da kake nema a wurinsa, ka kuma bari wanda ya sani ya ƙarasa maganarsa. Mai yawan ƙwai daban, mai kwanci daban. Wanda kwaɗayin yawa ya sa ya raina ɗan abin da ke hannunsa, yakan wayi gari babu ƙwan, babu ɗan tsakon, babu geron.