Hoton Marigayi Rago

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, kunnuwanmu a buɗe suke.

Ni Tunkiya, annoba ce ta ɗauke mini mijina Rago. Ina cikin takaba sai maƙwabciyata Akuya, uwar gaggawa, ta shigo da waya.

Ta ce, "Yaya, ƙungiyar Likita Zalɓe na neman taimako don marasa lafiya. Ta kirifto, wato kuɗin intanet, ake tura kuɗin, duk gari za mu tura. Dubi wanda suka warkar jiya."

Na duba, sai ga hoton Rago yana murmushi.

Na ce, "Jiya? Mutumin da muka yi wa sadakar bakwai?"

Muka kira Zalɓe, ya ce bai san zancen ba. Sai na sa Akuya ta rubuta wa masu neman kuɗin: "Mu ƙauyawa ne, ba mu iya kirifto ba. A zo a karɓa hannu da hannu."

Sai ga Dila cikin farar rigar likita yana sallama.

Na ce, "Likita, ina mijina da ka warkar? Tuwonsa na hucewa."

Ya juya zai gudu, ya tarar da Kare, wanda muka sa gadi, a bakin zaure. Taimakon gari ya tafi wurin Zalɓe na gaskiya, Dila kuwa ya koma daji ba wutsiya.

Ƙurunƙus, kan kusu ba nawa ba!