Kadarkon Anaruwa

Tun zamanin da daji ya fi gari yawa, an yi wani maharbi da ake kira Anaruwa. Dogo ne, marar yawan magana, kuma ba a taɓa jin kibiyarsa ta faɗi a banza ba. Maroƙa kan ce masa, "Na Tarana, baƙin gwanki, mai kwana inda zaki ya tashi!" Tarana ɗin nan mahaifiyarsa ce, ita kaɗai ta rage masa a duniya, kuma yana sonta so mai tsanani.

Wata shekara da rani, sawun ɓauna ya kai shi Gulbin Kanya. Ya tarar da yashi fari fat, a tona da hannu ruwa ya fito. Wurin ya kwanta masa a rai. Ya koma ya goyo tsohuwa, ya yi mata bukka a gaɓar gabas inda inuwa take, shi kuma ya sari gona a gaɓar yamma inda ƙasa ta fi kyau.

To, maharbi mutumin rani ne. Gulbin da ya sani na ƙafa ne, bai taɓa tsayawa ya ga fuskarsa da damina ba. Ran nan yana gona da hantsi, ko ɗigo bai sauka a kansa ba, sai ga ruwa daga tudu, ja wur, yana tafe da itatuwa. Kafin ya ajiye fartanya, gulbi ya raba shi da uwarsa.

Ya gwada iyo, ruwa ya watso shi baya. Tsoro ya kama shi, irin wanda zaki bai taɓa ba shi ba, don ya san hatsin da ke bukkar ba zai kai ta kaka ba. Sai ya koma ga sana'arsa. Ya riƙa yin bandar nama yana ɗaurewa a gindin kibiya, yana harbawa ƙetare. Kullum da safe yakan tsaya a gaɓa yana duban hayaƙin murhunta, in ya gani sannan ya iya cin abinci. Haka suka ƙare damina.

Da ruwa ya janye, ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, ki tashi mu koma yamma."

Ta ce, "Na kafa duwatsun murhuna, ba na sake tone su. Kai da ka raba gida da gona, kai za ka haɗa su."

Ya sari itace ya yi kadarko a mashayar namun daji, inda sawu ya fi yawa, don a ganinsa inda dabba ta ƙetare nan ne hanya. Ruwan fari ya kwashe shi kamar kara. Allah ya sa a ranar Anaruwa yana gabas. Gonar shekarar dai ta tafi, suka ci tafasa da rama, ba don daɗi ba.

Tarana ta yi masa dariya son ranta. Ta ce, "Ku maharba wuyanku ya saba da duban ƙasa. Ɗaga kai mana, ɗan nan." Ya ɗaga, sai ya ga yayin da ruwa ya kwaso da busasshiyar laka maƙale a rassan kanya, sama da tsayin mutum biyu. Ashe ruwa ma yana barin sawu.

Ya bi wannan sawu har inda duwatsu biyu suka matse gulbin, kawunansu sun fi yayin tsawo. Ya zaɓi giginyu maza, waɗanda gara ba ta ci. Masu ba da labari sun ce wata giwa da ya taɓa cire wa ƙaya ita ta jawo masa su, wasu kuma sun ce kadan gulbin ne ya yi alkawarin ba zai taɓa wanda ya bi ta sama ba. Allah ne masani. Abin da ba a musu a kansa, kadarkon ya tsaya.

Da gulbi ya sake cika, Anaruwa yana gona, zuciyarsa tana gabas. Rana ta take tsaka sai ya hango mutum a kan kadarko. Tarana ce, da ƙwaryar fura a ka, tana takawa a hankali, ruwa na ruri ƙarƙashinta. Ya ruga zai tare ta, ta ɗaga masa hannu ya tsaya.

Da ta sauko ta ce, "Karɓi. Tun yaushe rabon da in kawo maka abinci gona?"

Mutumin da ba a taɓa ganin hawayensa ba ya sha furar nan yana kuka don murna.

Mutane suka ji labari suka taru, gari ya kafu a gaɓa biyu. Giginyun an sha sauya su, amma duwatsun suna nan. Yau daga birni tafiyar ba nisa, ana sauka daga kwalta a bi burji, kafin ƙura ta ishi mutum ya iso. Sai dai baƙo ya sani, ranar da gulbi ya fara cika, ko hakimi ne sai ya kashe mota ya jira. Ba mai taka kadarkon sai tsohuwar da ta fi kowa shekaru ta ƙetare da furarta, ta kai wa ɗanta.