Biri da Hannun Jarin Jirgin Fito

An yi wani kogi mai faɗi, wanda dabbobin daji ba sa iya tsallaka shi sai a jirgi. Sai suka haɗa kuɗi suka kafa kamfanin fito, kowa da hannun jarinsa, duk ƙarshen damina a raba riba.

Biri suka ba shugabanci, don ya iya baki, ga son yabo. Hankaka shi ne dillali mai kai labarin farashi kasuwa. Cikin masu jari kuwa akwai Damo sarkin haƙuri, wanda ya zuba duk abin da ya tanada don tsufansa.

Wata shekara aka samu riba mai kauri. Biri ya tara kowa a gindin tsamiya.

"Bana babu rabo," in ji shi. "Da ribar nan kamfani zai saye hannun jarin duk mai son sayarwa. In hannaye suka ragu a akushi, lomar kowa ta ƙaru."

Damo ya ce, "Ranka ya daɗe, maganarka tana kan hanya. Amma jirgin ya fara yoyo. A fara kiran masassaƙi, abin da ya saura a sayi hannun jarin da shi."

"Yoyo! Kullum yoyo!" Biri ya daka masa tsawa. "Wa ke leƙa gindin jirgi a kasuwa? Farashi ake kallo!"

Hankaka ya tashi fir, ya shiga kasuwa yana shela: "Kamfani na sayen hannun jarinsa! Ai mai tuwo ba ya wawar tuwonsa sai ya san da daɗi!"

Nan take masu niyyar sayarwa suka fasa, masu saye suka yi ca. Farashi ya yi sama. Dama in farashi ya tashi, ladan Biri ma tashi yake yi, don haka ya kwashe har kuɗin gyara ya ƙara saye.

Damo ya koma ya yi magana, aka miƙa masa ƙwarya wai ya kwashe ruwan da ke shiga jirgi. Ya sake komawa, aka ba shi wadda ta fi ta girma. Yana kwarfa, fasinjoji na zancen farashi, ƙafafunsu tsundum cikin ruwa.

Rannan haƙurin Damo ya ƙare. Ya yi jifa da ƙwaryar a gaban Biri.

"Wai ni kaɗai nake jiƙewa a jirgin nan? Haba! Na gaji! A sayi nawa in huta."

"Kawo!" in ji Biri yana dariya. "Asusun kamfani ya ƙare, amma ni zan saya da kuɗina. Gobe kada ka zo kana kuka."

Damo ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ransa a ɓace, don yana son jirgin nan.

Ranar kasuwa aka yi wa jirgi lodin gero da fasinjoji, har da Biri a ciki. Bai yi nisa da gaɓa ba katakon ƙasa ya ɓalle. Allah ya taimaka wurin ba zurfi, kowa ya fito da ransa, amma gero da jirgi suka nutse.

Kafin Biri ya bushe, Hankaka ya kai labari. Kowa ya fito sayar da hannun jarinsa, babu mai saye. Aka buɗe asusu don a sassaƙa sabon jirgi, ba ko anini.

"Hankaka, don Allah nemo mini mai saye," in ji Biri yana rawar ɗari.

"Me zan ce kana sayarwa? Jirgin da kifaye ke kwana a ciki?"

Damo na gefe yana kallon ruwa. Ya yi tsaki, ya ja jiki ya nufi gida ta doguwar hanyar zagaye, tunda ba sauran jirgin fito.

Darasin wannan labari shi ne, ba laifi kamfani ya sayi hannun jarinsa in rara ce ta samu bayan an gyara sana'a. Amma wanda ya cinye kuɗin gyara don a ga farashi ya tashi, kasuwar da ta ɗaga shi ita za ta sake shi ya faɗo.