Masakin Kura Mai Tagogi

Ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu sha labari.

Bushiya ce dai, gwanar zanen ƙwarya. Ƙwaryarta a sha fura a ciki, a jera ta a ɗaki ta zama ado. Ɗanta guda ne tak.

Ran nan sai Kura ta tsinci ɗan a bakin hanya. Ta kai shi gida, ta kife shi da wani babban masaki, ta ɗora dutse. Ta aika wa danginta cewa gobe akwai nama.

Bushiya ta ji. Hankalinta ya tashi ƙwarai, amma ta shanye. Ta ɗauki wuƙar zane ta tafi. Ta yi sallama, ta dubi masakin, ta riƙe baki.

"Haba Yaya Kura! Baƙi za su zo su tarar da masaki tsirara haka? Ai sai a yi da ke a gari."

Kura, kun san ta da son a yaba. Ta ce, "To yi masa abin da ake yi."

Bushiya ta sa wuƙa a wuta. Ƙiri ƙiri, ƙiri ƙiri, ta zagaye bakinsa da zane. Kura ta leƙa ta ce, "Ƙara."

Ƙiri ƙiri, ƙiri ƙiri, ta zana tsuntsaye da ganye har bisa. Kura ta washe haƙora ta ce, "Ƙara."

Bushiya ta ajiye wuƙa. "Yaya, nan aka saba tsayawa. Abin da ya rage sai na matan sarauta, mai tagogi, wanda haske ke ratsawa. Ba naki ba ne."

"Ba nawa ba? Ni kike gaya wa? Huda shi!"

To, mai abu ya ce a huda, wa zai hana? Bushiya ta huda nan, ta huda can, ƙanana ƙanana. Ta zagaya ta baya ta fafe guda babba. Rana ta ratsa masakin, haske ya watsu a ƙasa kamar an zubar da gero. Kura ta kasa zama, ta ruga kiran maƙwabta su zo su gani.

Bushiya ta duƙa ta ce, "Fito, ɗan nan." Ya dunƙule ya gangaro ta tagar baya. Suka kama hanya, ko waiwaye.

Washegari kuraye suka cika gida, kowa da yunwarsa. Suka zagaye masaki suna ta yabo. Aka ɗauke dutse, aka buɗe. Wayam!

Babbarsu ta ce, "Kyau kam ya yi kyau. Sai dai mu ba kallo ya kawo mu ba." Suka juyo kan Kurar da ta gayyace su. Abin da ya biyo baya ba na yara ba ne.

Kun ji, in ado ya cinye amfani, sai a kwana da yunwa.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya faɗa randa. Mai jin barci ya tashi ya shiga ɗaki.