Minti Ashirin da Mahfuz Ya Yi Shiru

Akwai wani mutum a garin Silet mai suna Mahfuz, mai rubuta manhajar kwamfuta. Ofishinsu ɗaki biyu ne a saman wani shagon yadi. Ya iya aiki, wannan ba mai musu. Amma ya san ya iya, kuma ya fi kowa faɗa.

Masu irin aikinsu, kowa yakan shirya wa kansa manhajar da yake rubutu a ciki. Kowa ya zaɓi maɓallan da zai danna su yi masa abu kaza. Saboda haka abin da maɓalli uku ke yi a kwamfutar wani, ba shi suke yi a ta wani ba. Mahfuz ya haddace nasa sun fi ɗari biyu. Yatsunsa na gudu, ko kallonsu ba ya yi.

A ofishin akwai Dilruba, wadda ta girme shi da shekara goma. Malamar makaranta ce kafin ta koyi wannan aiki, kuma a hankali take yin sa. Apa suke ce mata, wato yaya. Akwai kuma wani abokin aikinsu, Firdaus.

Wata rana suna shan shayi, Firdaus da Dilruba suka shiga gardama kan 'yan abubuwan taimako da ake ƙara wa manhajar don mutum ya gano maɓallin da ya manta.

Firdaus ya ce, "Apa, nawa ya fi. In rubuta sunan abin da nake so, ya fito mini da shi."

Ta ce, "In ka san sunan ke nan. Ni kuwa maɓalli ɗaya zan danna in dakata, ɗan akwati ya fito ya jera mini abin da kowane maɓalli na gaba zai yi."

"To wanne za ki bari a cikinsu?"

"Duka biyun. Shinkafata suke ci?"

Mahfuz ya yi dariya ya ce, "Ɗaya sandar makaho, ɗaya ɗan jagora. Apa, kafin akwatinki ya fito, na gama aikin na sha kofi na biyu."

Ta ce, "Allah ya ƙara sauri, Mahfuz."

Da damina ta yi tsakiya, ruwa ya sauko daga duwatsu ya cinye ƙauyuka. Kwana uku ana zuba shi. Gidan Mahfuz na cikin gari ya cika har taga, kwamfutarsa ta nutse. Uwarsa kuwa tana ƙauye tare da 'yarsa Tahmina mai shekara huɗu, wadda aka kai mata hutu.

Ofishinsu ya koma wurin taimako. Mutane na buga waya suna faɗin inda ruwa ya tsare su, Dilruba na rubutawa a kwamfutarta: suna, ƙauye, gidan da suka fake, yawan mutane. Daga wannan jerin ake tura masu kwalekwale. Gida ɗari uku da wani abu. Intanet ta ɗauke tun safe, don haka jerin babu shi ko'ina a duniya sai cikin wannan kwamfuta ɗaya.

Wajen azahar Mahfuz ya iso, a jiƙe har ƙirji. Dilruba ta ce masa, "An bugo saboda Ummanka. Ta bar gidanku da yarinyar, sun fake a gidan wani. Na rubuta inda suke. Zauna, bari in sallami masu kwalekwalen da ke ƙasa, in zo in nuna maka."

Ta sauka. Firdaus ya bi ta da buhun busasshiyar shinkafa.

Mahfuz bai jira ba. Ya ja kujerarta ya zauna, ya danna maɓalli ukun da ke nemo masa suna a tasa kwamfutar.

Allon ya yi fari fat.

Babu suna ko ɗaya. Gida ɗari uku sun tafi.

Ya danna waɗanda ke mayar masa da abu baya. Wata taga ta buɗe da bai san ta ba. Ya danna wasu don ya rufe ta, wani rubutu ja ya fito a ƙasa. Ya sake dannawa. Ya sake.

Wayar ofis ta fara ƙara a kusa da gwiwar hannunsa. Bai ɗauka ba. Daga ƙasa yana jin muryar Dilruba tana ce wa masu kwalekwale, "Ku ɗan jira, yanzu zan kawo muku na gaba." Taku goma sha biyar ne tsakaninsa da ita. Da ya leƙa taga ya ce "Apa," da ta ji.

Amma me zai ce? Shi Mahfuz, ya ce bai san abin da ya danna ba?

Gumi ya haɗu da ruwan jikinsa. Ya riƙa ganin Tahmina, wadda ko a baho ba ta yarda a zuba mata ruwa a ka. Ya riƙa ganin uwarsa, gajeriyar mace mai ciwon gwiwa. Bai san gidan da suke ba. Wanda ya bugo wayar, ƙila cajinsa ya ƙare. Sauran gida ɗari ukun ma haka.

Minti ashirin yana nan yana dannawa, bakinsa a rufe.

Daga ƙarshe ya tuna wasu maɓallai biyu da yake ganin za su dawo da komai. Ya danna na farko. Ya ɗaga yatsa zai danna na biyu, sai hannun ya kama rawa, ya kasa sauke shi daidai. Tun da yake aiki bai taɓa tsayawa tsakanin maɓalli da maɓalli ba sai ran nan.

Sai ɗan akwatin ya fito a ƙasan allo.

Ya karanta. A gaban maɓallin da yatsansa ke shawagi a kai an rubuta: adana, ka rufe.

Da ya danna, da farar takardar ce ta zauna a madadin jerin.

Ya ɗauke hannuwansa biyu ya matse su tsakanin cinyoyinsa. Ya ɗaga murya. "Apa. Apa, zo."

Ta hau da gudu. Ta dubi allon, ta dube shi.

"Me ka danna?"

"Ban sani ba."

"Tun yaushe?"

Ba ta jira amsa ba, ta dafa kujerar.

"Tashi."

Ta zauna. Ba ta tuna maɓallin da ke nuna tsoffin canje-canje ba, domin ba ta taɓa buƙatarsa ba. Sai ta buɗe irin na Firdaus, ta rubuta sunan abin da take nema, ya fito. Ta riƙa komawa baya ɗaya bayan ɗaya, tana karanta kowanne kafin ta danna. Sau arba'in da bakwai. A na ƙarshe sunayen suka dawo.

Ta sa yatsa a kan layi ɗaya. "Ga ta. Gidan liman, bayan makarantar firamare. Sauka ka shiga kwalekwale."

Amma kwalekwalen da ke bin wannan hanya ya gaji da jira, ya ɗauki wasu ya tafi. Kafin wani ya samu, la'asar ta wuce.

Sun sami uwarsa tsaye a kan tebur, ruwa ya kai mata wuya, ta ɗaga Tahmina sama da hannu biyu. Yarinyar ba abin da ya same ta. Tsohuwar kuwa sai da maza biyu suka ɓamɓare yatsunta daga jikin jikarta.

Ta rayu. Amma hannunta na dama har yau ba ya kaiwa bakinta. Mahfuz ne ke zama a gabanta yana ba ta shinkafa.

Wata rana yana cikin ba ta, ya kasa daurewa, ya faɗa mata dalilin da ya sa kwalekwale ya makara. Ta tauna lomarta ta haɗiye.

Ta ce, "Ita baiwar Allahn tana ina a lokacin?"

"Tana ƙasa, Umma. Bakin ƙofa."

"Kai kuma bakinka yana tare da kai?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Miƙo ruwa."

Darasi: Kuskure kowa na yi, amma ɓoye shi don kada a ce ba ka iya ba, shi ne laifin. Abin da ka haddace a wurinka ba dole ya yi aiki a wurin wani ba, don haka ka dakata ka duba kafin ka taɓa kayan mutane. In ka rikice, buɗe baki ka kira wanda ya sani, ko da wanda kake rainawa ne. Ku tura wa duk wanda kalmar "ban sani ba" ke yi masa nauyi a baki.