Dalilin Da Ya Sa Kyanwa Ba Ta Gama Wankin Hannu

Dalilin da ya sa kuke ganin Kyanwa kullum tana lasar hannu tana goga shi a baki, yara, ba tsafta ce ta yi mata yawa ba. Ku daina yaba mata. Wani ƙarni take fama da shi tun zamanin kakannin kakanninku. Ku gyara zama ku ji yadda aka yi.

A da can Kyanwa ba ta tsoron ruwa. Ina! Masunciya ce ta ji da gani, a wani ƙauyen masunta da ake kira Tungar Cindo. Sauran masunta sai sun ɗauki koma da gora kafin su shiga kogi, ita kuwa hannunta ne komarta. Ta yi tsalle, tsundum, ruwa ya rufe ta, can sai ka ga ta ɓullo rungume da kifi tana dariya. Duk duniya ba abin da take so kamar su, wato kamun kifi.

A bayan tungar akwai wani gurbi mai zurfi, inda manyan kifaye ke taruwa idan kogi ya ja baya. Da damina ta ɗauke, Sarkin Ruwa Tunau yakan kafa sanda a bakin gurbin ya ɗaura mata ganye, alamar an rufe ke nan, don kifi ya huta ya yi ƙiba. Sai tsakiyar rani ake buɗewa, a yi babban su, gari ya shiga gaba ɗaya. Idan ranar ta matso kowa yakan rataye komarsa, a daina taɓa ɗanyen kifi ko na ina ne, a koma tuwo da miyar kuka. Ran nan kuma ba mai shiga ruwa sai ya bi layi ya miƙa wa Tunau hannu ya sansana. Tunau kuwa Allah ya ba shi hanci, ba a ɓoye masa ƙarni. Dokar a fili take, ko yaro ya san ta. Wanda aka ji ƙarni a hannunsa, ya taɓa kifin gurbi, sai ya zauna a tudu bana, baɗi ya shiga. Wanda aka tabbatar ya ci kuwa, shi da ruwa har abada.

To, ranar su ta zo. Gari na wayewa Kyanwa ta kasa zama wuri ɗaya. Ta shiga ɗaki ta fito, ta hau katanga ta sauko, duk don ɗoki. Bana ita za a fara sakewa cikin gurbin, makaɗa ma sun yi mata sabon take. Sai ta ce a ranta, bari in je in leƙa ruwan, gani kawai zan yi.

Tana tsugunawa a bakin gurbin, sai ga wata tarwaɗa ta taso. Kai, yara, ba ku taɓa ganin irinta ba! Baƙa wuluk, kanta kamar faifai, ta yi ƙiba har ba ta iya juyawa da sauri. Ta matso gaɓa a hankali tana kaɗa gashin baki, ta zo daidai ƙafar Kyanwa ta buɗe baki ta yi hamma.

Kyanwa ba ta san lokacin da hannunta ya tafi ba. Caraf! Ta cafke ta a wuya. Tarwaɗa ta yi fizga, Kyanwa ta danne, suka yi ta birgima a taɓo. Daɗi ya cika ta, har ta buɗe baki za ta yi kururuwa, sai ta jiyo kalangu daga cikin gari. Nan take ta rufe baki. Ta tuna da sanda da ganye, ta tuna da hancin Tunau. Ta saki hannu, tarwaɗa ta sulale ta koma ruwa. Ko ɓallin fata Kyanwa ba ta kai baki ba.

Ta ɗaga hannu ta sansana. Wayyo! Yauƙin tarwaɗa ya shige cikin gashinta, ƙarni sai tashi yake. Ta murza yashi, ta goga a ciyawa, ta sake sansanawa, kamar ma ƙara shi take. Sai ta zuba a guje, ba ta zame ko'ina ba sai gidan Gwaggo Ige, tsohuwar da ta tsufa tana bandar kifi a tungar. Ta tarar da ita tana jera itace, tana shirin kifin da za a kawo.

"Gwaggo! Gwaggo, ki cece ni!"

Gwaggo Ige ta dubi taɓon da ke jikinta, ta dubi hannun, ta riƙe haɓa. "Ke 'yar nan, me zan gani? Gurbi kika taɓa?"

"Taɓawa kawai na yi, Gwaggo, wallahi na sake ta! Ita ta zo har gabana tana yi mini hamma!"

"Hamma ta yi miki, sai kika ba ta hannu ku gaisa. Zauna nan, marar haƙuri."

Tsohuwa ta ɗebo toka mai sanyi daga murhu ta zuba mata a hannu. "Murza sosai, toka ce ke kashe yauƙi." Kyanwa ta murza kamar za ta cire fata. Gwaggo ta yanka lemon tsami ta matse mata, ta ɗebo ruwan randa ta ɗauraye. "Kada ki kuskura ki sa ruwan zafi, dafa ƙarnin za ki yi a jikinki. Haka muke yi tun muna 'yan mata, mu wuni cikin kifi mu fito fes."

Kyanwa ta miƙa hannu. "Sansana ki ji, Gwaggo, ya fita?"

"Ni? Ai hayaƙin banda ya daɗe da kashe mini hanci. Miƙa shi sama, ƙuda zai gaya mana gaskiya."

Kyanwa ta ɗaga hannu tana addu'a. Shiru. Har ta fara murmushi, sai ga ƙuda, zuuu, ya zo ya sauka daidai tsakanin faratanta. Wani ya biyo shi. Aka sake toka, aka sake lemo, aka sake ruwa, ƙudaje suka sake dawowa har da 'yan uwansu.

Gwaggo Ige ta girgiza kai. "Maganin nan na masu fata ne. Ke gashi gare ki, ƙarnin ya shige ƙarƙashi ya kwanta. Sai ya sha iska da rana zai fita, yau kam ba zai fita ba. Ki ji shawarata, 'yar nan. Ki tafi da hannunki yadda yake ki miƙa wa Sarkin Ruwa, ki ce kin yi kuskure. Ki zauna kusa da ni a tudu, in gasa miki mai maiƙo. Baɗi kamar gobe ne."

"Baɗi?" Kyanwa ta yi zumbur ta miƙe. "Gwaggo, kina jin taken da ake kaɗawa? Nawa ne fa! Ni za a fara sakewa! Kuma na san ramin da tarwaɗar nan ta shiga. In zauna a tudu ina kallo wani ya ɗauke ta? Haba!"

"To, na dai gaya miki."

Ko sauraro ba ta tsaya yi ba, ta fice, ƙudaje na biye da hannunta. Kalangu na ƙara zafi, mutane na ta kwarara zuwa bakin gurbi, masu koma, masu gora, mata da ƙorai a ka suna guɗa. Kyanwa ta raɓe bayan wata kanya. Ta dubi hannun nan kamar ta yi kuka. Can sai wata dabara ta faɗo mata. Harshenta fa kaushi gare shi kamar magagari. Inda toka ba ta kai ba, ai shi zai kai!

Ta kama lasa. Ta lashe tafi, ta lashe baya, ta buɗe faratan ta bi tsakaninsu ɗaya bayan ɗaya, ba ta bar ko silin gashi ba. Ta ɗaga hannu sama ta jira. Ƙuda ya zo ya shawagi, ya wuce. Ba wanda ya sauka! Kyanwa ta daka tsalle ta juya a sama don murna. "Gwaggo da tokarta! Ashe maganin yana bakina!" Da ta natsu kaɗan, da ta lura ƙudajen ba tafiya suka yi ba, gashin bakinta suka koma zagayawa. Amma mai ɗoki ina ya ga ta natsuwa? Ta kaɗa kai ta kore su, ta ruga ta shige gaban layi.

Sarkin Ruwa Tunau na zaune a kan kwale-kwalen da aka kife, jama'a sun cika gaɓa maƙil. Kyanwa ta durƙusa, bakinta a rufe gam don fargaba, ta miƙa hannu. Tunau ya kama, ya sansana tafi, ya juya ya sansana baya, ya kai hanci har tsakanin farata. Wuri ya yi tsit. Ya daɗe yana shaƙa, sannan ya saki.

"Toka nake ji da lemon tsami. Kin iya tsafta, Kyanwa. Wuce."

Yara, da ta sunkuyar da kai ta wuce, da yanzu Kyanwa na can cikin kogi tana sha'aninta. Amma makaɗa suka saki takenta, mata suka rangaɗa guɗa, ga gurbi shimfiɗe a gabanta yana ƙyalli. Daɗi ya kwashe ta. Ta matsa daf da fuskar Sarkin Ruwa, ta wage baki iya ƙarfinta.

"Na gode, ranka ya daɗe! Allah ya ja zamaninka!"

Tunau ya yi baya kamar an mare shi. Ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya cak.

"Dawo nan. Buɗe bakin nan ki huro."

Kyanwa ta dawo gabansa. Ta huro kaɗan.

"Tarwaɗa," in ji Tunau. "Ɗanya, ta safiyar yau. Kin ci kifin gurbi, Kyanwa."

Wuri ya kaure da salati. Kyanwa ta faɗi tana birgima. "Ban ci ba, ranka ya daɗe! Na rantse ban ci ba! Kamawa na yi na saki, hannuna kawai na lasa!"

Gwaggo Ige ta kutso cikin taro tana dogara sanda. "Gaskiya ta faɗa, Sarkin Ruwa. Da hannu ta zo mini, ni na zuba mata toka. Bakinta lafiya lau yake sa'ad da ta bar gidana."

Abin bai yi wa Tunau daɗi ba, don shi ma yana son Kyanwa, ba shi da masunci kamarta. Ya ce, "Ige, ba na musu da ke. Amma ni abin da hancina ya ji nake hukunci da shi, kuma a baki na ji. Ke Kyanwa, da kin kawo mini hannunki da ƙarninsa, da bana kaɗai kika rasa. Ke kika ɗauke laifin daga hannu kika kai shi baki."

"A yi mata sassauci, ranka ya daɗe," in ji Gwaggo. "Ɗoki ne, ba mugunta ba."

"Saboda furfurarki, Ige, na bar mata ƙofa ɗaya. Duk ranar da ta zo mini ba ƙarni a hannu, ba ƙarni a baki, ranar za ta shiga. Kafin nan, ko ƙafarta ta sa a ruwa, na rufe ƙofar."

Kyanwa ta yi wuf ta miƙe, idonta ya kawo haske. "Yanzu ma kuwa! Ku dakata mini, kada a buɗe!" Ta sa hannu ta goge baki, ta goge, ta goge, ta matso ta huro.

Tunau ya shaƙa. "Baki ya yi. Kawo hannu." Ya sansana, ya kawar da kai. "Ga shi nan ya dawo hannu."

Ta lashe hannun da sauri ta miƙa.

"Hannu ya yi. Huro. Ya koma baki."

Ta goge, ta lasa, ta goge, ta lasa. Jama'a suka fara ƙosawa, rana na yi. Tunau ya tashi ya tuge sandar nan mai ganye, makaɗa suka saki kiɗa, gari ya auka cikin gurbi gaba ɗaya, ruwa ya yi sama. Ihu, guɗa, kifi na tsalle ta ko'ina! Kyanwa na tudu, ido ɗaya a hannu ido ɗaya a ruwa, tana lasa tana gogewa. Tana kallo wasu ƙarti suka jawo tarwaɗar nan tata suna kirari. Hawaye ya zubo mata, abin tausayi, amma ba ta daina ba, don gani take saura kaɗan ya fita. Har aka tashi daga su tana nan.

Shi ya sa har yau, in Kyanwa ta ji ƙanshin kifi sai ta rikice ta bi ku tana kuka, amma ko ɗigon ruwa ya taɓa ƙafarta sai ta yarfe shi da sauri, kada a ce ta shiga a rufe mata ƙofa. Shi ya sa kuma take zama a rana ta lashe hannu, ta goga a baki, ta dakata ta sansana, ta sake. Tunau ya daɗe da rasuwa, gurbin ma ya ƙafe an mai da shi gonar albasa, amma ba a sami mai ƙarfin halin gaya mata ba. In kun gan ta a kan katanga tana wannan aiki, kada ku jefe ta, yara. Sauri take ta gama, a tsammaninta har yanzu ana jiran ta a bakin ruwa.