Mai Gyaran Rediyo da Na'urori Biyu

Akwai wani mutum mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Ya koyi aikin tun zamanin da rediyo ke zuwa cikin akwatin katako, unguwa guda ta taru a gindin mangwaro don jin labarai daga akwati ɗaya.

Maigidansa da ya koya masa yana da doka. In an gyara abu ɗaya, sai an sake gwada komai. A murɗa kowace tasha, a ƙara murya a rage, a ja eriya, a girgiza akwatin a kusa da kunne. Mai rediyo yakan gaji da jira, maigidan kuwa ba ya ko ɗaga kai. Haka mutumin ya yi ta yi har furfura ta fito masa.

Sai kunnensa ya yi nauyi. Ya shiga birni neman na'urar da za ta riƙa yi masa gwaji da kanta. Ɗan kasuwa ya ajiye masa guda biyu.

"Wannan, Baba, inda ka gyara kaɗai take dubawa. Kafin ka ajiye sukudireba ta kunna koriyar wuta. Waccan kuwa mita gare ta kamar tsohuwa. Sai ta bi rediyo daga kai har gindi, ko inda ba ka taɓa ba."

Mutumin ya tuna layin masu jira, ya ɗauki mai saurin.

Ranar kasuwa wata tsohuwa, Mama Rifkatu, ta zo daga ƙauye a motar kaya da rediyonta. Cocinsu a kan dutse yake, gwiwoyinta sun daina hawa. Ta rediyon nan take jin wa'azi da waƙoƙin Lahadi. Lasifikar ce ta fara gurnani.

Ya canza lasifikar, ya jona na'urar, koriyar wuta ta kama. Bai san hannunsa ya tsinke wata siririyar waya mai kamo tashar nesa ba. Na'urar ma ba ta duba can ba, gama ba aikinta ba ne.

Lahadi ta zo. Tsohuwa ta ɗaura kallabinta na coci, ta zauna a kan tabarma, ta murɗa. Ba abin da ya fito sai shuuu. Ta zauna haka har ta ga mutane suna saukowa daga dutse.

Da kasuwa ta zagayo, ta dire rediyon a gabansa.

"Malam, ka gyara masa maƙogwaro, ka toshe masa kunne. Da can da gurnaninsa ina jin fasto."

Ya buɗe, ya ga wayar. Ya liƙa ta, ya murɗa tasha bayan tasha kamar yadda maigidansa yake yi, ita tana saurara masa, tun da nasa kunnen ya gaza. Washegari ya mayar da mai saurin, ya ɗauko mai mitar.

Ma'anar wannan misali ita ce, rediyon nan zuciyarka ce. Ka daina shan giya, madalla. Amma ka duba, ko wajen gyaran nan ka tsinke haƙuri da matarka? Ka fara zuwa addu'ar safe, kana ta murna. Gaskiyarka a awo a kasuwa fa, tana nan yadda take?

Na'ura mai sauri ita ce abokin da yake yabon inda ka gyara, ya yi shiru a kan sauran. Irinsa suna da yawa, suna da daɗin zama. Mai mitar ita ce Maganar Allah, da ɗan'uwa mai tsoron Allah wanda zai tambaye ka abin da kake tsammani ka gama da shi tun kana saurayi. Iyayenmu irin wannan suka zaɓa, ba su kuwa ji daɗinsa kullum ba.

Ka lura kuma, ba mai gyaran ne ya rasa sujada ran Lahadin nan ba. Tsohuwa ce. Abin da ka ƙi dubawa a cikinka, wani ne a gidanka zai zauna da shi.